Huhun Salihu Zuga-zugi da Ragon Alhaji Yari

A Ƙofar Kwaya idan ka ce kana neman Malam Salihu, sai a tambaye ka wanne, don muna da su har sun yi mana yawa. Amma ka ce Zuga-zugi, ko akuyar unguwa za ta nuna maka gidan. Mahauci ne ɗan mahauci. Ƙanin kakata ne wadda ta haifi uwata, saboda haka kakana ne, abokin wasana. Duk abin da zan faɗa a nan na riga na faɗa masa ido da ido, ya jefe ni da takalmi, bai same ni ba.

Gajere ne, ƙirji kamar randa, ƙafafu kamar karan dawa. Bai yi boko ba, allon ma a tsaitsaye ya yi shi, don tun yana ƙarami ubansa ya ja shi kwata. Teburinsa na nan bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, kuma gaskiya namansa bai fi na kowa ba. Ka ce masa tsoka kake so, ya zuba maka ƙashi, ya cika maka ledar da labari. Duk shekara haka yake zaune yana korar ƙuda, ba wanda ya damu da shi. Rana ɗaya ce tasa, ranar Babbar Sallah, kuma a kanta yake cin sauran ranakun.

Ga wanda bai taɓa tsayawa wurin fiɗa ba, abin haka yake. Idan an yanka rago, kafin a sa wuƙa a fata, mahauci yakan ɗan tsaga ƙafar baya, ya zura siririyar sanda ya buɗe hanya tsakanin fata da nama, sannan ya kafa baki ya hura. Yana hurawa yana bubbuga jikin da tafin hannu, iska na bin ƙarƙashin fata, har ragon ya kumbura ya yi tam, ƙafafu a sama. Daga nan fata sai ta saki kamar riga, ba huda, ba ɓarnar nama. Mahauta da yawa na yi, amma sukan huta, su yi haki, wani ya karɓi wani. Zuga-zugi ba ya hutawa, ba ya karɓar taimako. Kumatunsa su cika, jijiyar wuya ta miƙe, idanu su yi ja, rago ya tashi a gabanka kamar ana busa balan-balan. Wani maƙeri ne ya gan shi yana saurayi ya ce wannan ai zuga-zugi ne, sunan ya zauna.

Kuma akwai tsari. A layinmu ba a fara fiɗa sai an fara da ragon Alhaji Yari, dillalin hatsi, wanda kowace shekara yake kawo rago kamar ɗan maraƙi. Ana saukowa daga idi, liman ya yanka nasa, Alhaji ya yanka nasa a ƙofar gida, sai jama'a su yi da'ira. Lokacin Zuga-zugi zai taho yana tafiyar agwagwa, ya naɗe hannun riga, ya kalli ragon a wulaƙance, ya durƙusa. In ya gama a yi ta kabbara da tafi, Alhaji ya ba shi wuyan yanka da hannunsa. Ba naman ne abin ba. Abin shi ne a ce, "Wa ya hura na Alhaji?" a ce, "Wa kuwa?" Wannan ita ce sarautarsa, ba shi da wata. Ya fi shekara talatin a kanta.

Idan ka tambaye shi sirrin, ba ya ɓoyewa. Suga. A karatunsa, suga ne ke zama iska a ƙirji. Shayinsa na safe, Sani mai shayi ya san ƙa'ida, sai ya zuba har cokali ya kusa tsayawa da kansa. Aljihunsa ba ya rabuwa da mazarƙwaila. Ranar Sallah kuwa, kowane rago da kwalbar lemonsa, ya ɗaga kai ya juye, ya yi gyatsa, ya ce an cika tanki.

Shekaru da dama da suka wuce matarsa, Iya Rakiya, ta lura da kiyashi na taruwa inda yake kama ruwa, ga shi kuma yana shan ruwa kamar raƙumi. Aka je asibiti aka ce ciwon suga ne, aka ba shi ƙwayoyi. Ya sha na ɗan lokaci. A daidai nan aka yanke wa wani abokinsa mai sayar da kaji ƙafa, shi ma suga. Zuga-zugi ya je dubiya, ya ga wurin da ƙafa take a dā, ya dawo gida bai ci tuwo ba. Washegari ya tashi da ilimi sabo fil: ciwon suga ciwon ƙafa ne. Ta ƙasa yake shiga, ta ƙasa yake kama mutum. Wanda ya tsare ƙafarsa ya gama da shi.

Ban taɓa ganin ƙafar da aka yi wa hidima irin wannan ba, ko ta amarya. Kullum da safe zai zauna bakin rijiya ya wanke su da ruwan ɗumi, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa man kaɗanya, ya sa safa, ya sa takalmin roba mai tsawo har gwiwa. Cikin zafin Katsina, wanda ƙadangare ma ke neman inuwa. Ƙaya ba ta isa ta gan su ba. Ƙwayoyin kuwa ya tura su saman kwaba, ya ce suna kashe masa ƙarfi. Shayi ya ci gaba yadda yake.

Na taɓa ce masa, "Tsoho, to jinin da ke ƙafar ba shi ne ke zagayawa sama ba?"

Ya ce, "Kai ja'iri, mi ka sani? Ka taɓa ganin ruwa ya hau tudu? Suga nauyi gare shi, ƙasa yake kwanta. Duba ƙasan kofin shayi."

Na duba. Wallahi akwai suga a ƙasan kofin. Sai na ajiye kofin, don ba a musu da mutumin da ke da hujja a hannu da wuƙa a ɗaya hannun.

Haki ya fara zuwa a hankali. Da farko idan ya ɗauko cinyar saniya daga kan babur zuwa tebur, sai ya dafa bishiya ya ce yana duba ko gara ta shige ta. Daga baya tafiya masallaci ma sai ya tsaya a hanya, ya ƙirƙiro gaisuwa da mutumin da ba ya shiri da shi, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya sake tambayar iyali, duk don numfashi ya dawo. Mutane suka ce Zuga-zugi ya tsufa ya koyi zumunci. Sallar da ta biyo baya ya hura ragon Alhaji, amma sai da ya ɗago kai a tsakiya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wai ƙuda ne ya shiga masa hanci.

A shekarar ce Anas ya ɓullo. Anas saurayi ne, mahauci daga Ƙofar Sauri, mai fara'a, ba ruwansa da tarihi. Shi famfon keke yake zuwa da shi, irin na masu faci. Ya tsaga ƙafa, ya cusa tiyo, ya taka famfo ya yi ta bugawa yana hira, kafin ka ce mene ne rago ya tashi. Gidajen ƙarshen layi da suka gaji da jiran Zuga-zugi har la'asar suka koma wurinsa.

Nan kakana ya gano cutarsa. "Yaron ga ne," in ji shi. "Tun ran da ya shigo unguwar ga da wanga ƙarhe nashi ƙirjina ya toshe. An ɗaure man iska."

Wato sammu. Ba wanda ya ga Anas ya ɗaure komai in ba tiyo ba, amma aka shiga neman makari. Aka kawo rubutu, aka kawo turare ya lulluɓa da bargo ya sha hayaƙi har ya kusa sheƙawa. Wani mai magani a kasuwa ya haɗa masa zuma da citta da kanumfari, a sha safe da yamma. Shi kuma ya ƙara da nasa lissafin: tunda iska ta ragu, tanki ne ya yi ƙasa, sai a ƙara suga. Aka ƙara wa shayi cokali.

Iya Rakiya ba ta yi boko ba ita ma, amma tana da ido. Ta ga mutum na ramewa yana cin abinci, ta ga ba ya iya kwanciya sai ya jingina. Sai ta leƙa gidan da ke bayan nasu, inda Sista Ruth ke haya. Sista Ruth ma'aikaciyar jinya ce 'yar kudancin Kaduna, ta daɗe a Katsina har ta fi wasunmu sanin lunguna, kuma ba ta tsoron kowa. Ta shigo da 'yar na'urarta, ta gaishe shi har ƙasa, ta kama yatsansa ta tsira kafin ya gama amsa gaisuwar.

Ta kalli na'urar, ta kalle shi. "Baba, wannan jini ne ko ruwan rake?"

"Ɗiyata, duba ƙahwar," in ji shi, yana ƙoƙarin cire takalmi. "Ko ƙwarzane babu."

"Ban zo wurin ƙafa ba. Gobe da safe za mu asibiti. In ka ƙi, zan tsaya gaban teburinka in gaya wa duk mai sayen nama cewa tsoron allura kake."

Ya je. Ni aka sa na kai shi a babur, saboda haka abin da ya faru a kunnena ne.

An yi hoton ƙirji, an gwada majina, an duba zuciya, an ɗebi jini. Ba tarin fuka ba ne, ba asma ba. Sai aka kai shi wani ɗaki aka miƙa masa bututu da ke haɗe da na'ura, aka ce ya cika ƙirji ya hura iya ƙarfinsa. Ka ga fuskar tsohon nan! Kamar an ce wa kifi ya gwada iyo. Ya dubi ma'aikacin ya ce, "Yaro, in ta hwashe ba ni biya." Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya kafa baki. Abin da ya fito, ko kyandir ba zai kashe ba daga nesa. Tari ya biyo baya. Ya ce bututun ne ya yi faɗi. Aka sake. Ya ce ɗakin ne ba iska. Aka sake. Ya ce dama bai karya da kyau ba.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Da ya ji sana'arsa sai ya ce, "Baba, kai ka fi ni riƙe huhu a hannu. Ka san yadda yake, laushi kamar soso."

"Na sani."

"To cikin soson nan 'yan jakunkuna ne rututu, ido ba ya ganinsu. Kowace jaka an nannaɗe ta da jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta. Iskar da ka shaƙa ba ta da amfani sai ta ratsa bangon jijiyar ta shiga jini, kuma bangon ya fi bawon albasa siranta. Suga idan ya daɗe da yawa a jini, ƙananan jijiyoyi yake lalatawa duk inda suke. Na ƙafa, na ido, na ƙoda, har na huhu. Bangon ya yi kauri, ya sandare, iska ta riƙa ratsawa da ƙyar. Huhun kansa ya rage miƙewa. Hanyar jini ta matse, zuciya ta riƙa turawa da wahala. Shi ya sa kake jan iska amma ba ka ƙoshi. Hayaƙin babbaka da ka sha shekara da shekaru shi ma ya yi nasa, amma sugan nan naka da ba a kula da shi ba, shi ne babba."

"A huhu?"

"A huhu."

Zuga-zugi ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa yaron da ya yi kuskuren karatu. "Likita, na yanka huhu ya hi dubu. Na rago, na sa, na raƙumi. Ban taɓa tsaga ɗaya na iske suga ciki ba."

Likita ya ce ragunan ba sa shan shayin Sani. A'a, ni na faɗi wannan, kuma na sha duka a ƙeya. Abin da likita ya ce shi ne, abin da ya lalace ba lallai ya dawo ba, amma ana iya tsayar da ɓarnar idan ya koma kan magani ya bar zaƙi. Sannan ya ce, "Hura dabba kuwa, ka bar shi. Ƙirjinka ba zai ɗauka ba. Kana iya faɗuwa a wurin, kuma ba kowace faɗuwa ake tashi ba."

A hanyar gida muka zo daidai teburin mai shayi. Ya ce in tsaya.

Magana ba ta kwana a unguwarmu. Sallah na matsowa, Alhaji Yari ya aika a kira shi. Ragon bana na ɗaure a ƙofar gida, fari tas, ƙaho ya murɗe, yana kallon mutane kamar shi ne mai gidan. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Alhaji mutum ne mai kunya, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso.

"Malam Salihu, na ji an ce jikin sai a hankali."

"Wa ya ce? Maƙiya ne, Alhaji."

"Na ce ko bana yaron nan Anas ya kama maka. Kai ka tsaga, ka yi fiɗa, shi ya buga iskar. Wuyan yanka naka ne, ba mai taɓa shi."

Da Alhaji ya zage shi da ya fi sauƙi. Tsohon ya miƙe tsaye, takalmin roba na ƙara. "Alhaji, ragon layya? Abin ibada? A sa mashi iskar taya? In ka gaji da ni ka hwaɗa man, in tahi. Amma ina raye ba a kawo ƙarhe ƙohwar gidan ga."

Alhaji ya ce Allah ya huci zuciyarsa, a bar maganar.

Iya Rakiya ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi ta daina yi masa magana, shi kuma ya ji daɗin shirun. Sista Ruth ta zo ta ce, "Baba, ranar Sallah ni ke aiki, don abokan aikina su je idi. Ka taimake ni kada in gan ka." Ya ce ta kwantar da hankalinta, ba za ta gan shi ba sai ya aiko mata da soyayye. Maganin likita ya sha na kwana kaɗan, ya ji wai jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye sai bayan Sallah. Ya shiga abin da ya kira kiwon ƙirji: zuma da safe, fura da suga da rana, rake da yamma. Ga wani tari da ya kama shi ya ƙi saki. Ƙafafu kuwa an ƙara musu man kaɗanya.

Ranar Sallah gari ya tashi da zafi mai nauyi, hadari ya taru ya ƙi zuba. Aka sauko daga idi, Alhaji ya yanka. Jama'ar da ta taru ta fi ta kullum, don rabinsu sun ji labari sun zo ganin ƙarshe. Mutanenmu ke nan, sun iya cewa Allah ya sawwaƙe da baki, ƙafa kuma tana neman wurin tsayawa a gaba. Anas na can gefe da famfonsa a cikin buhu, ya zo wucewa ne wai.

Zuga-zugi ya iso, sabuwar riga, tsohon takalmi. Ya juye kwalbar lemo. Ya kalli girman ragon, ya ce a ƙaro ɗaya. Ya tsaga ƙafa, hannunsa bai manta ba, tsagar ta fita tsaf. Ya zura sanda, ya yi bisimilla, ya kafa baki.

Cinya ta ɗan tashi. Ya bubbuga, ya sake ja. Iska ta kai kwiɓi ta tsaya. Ya ɗago ya ja numfashi, muna jin ƙararsa kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Wani ya ce, "Sannu Baba." Wannan sannun ce ta ƙarasa shi, don a shekara talatin ba a taɓa yi masa sannu a tsakiyar aiki ba. Ya sake dannawa da dukan abin da ya rage masa. Jijiyar wuya ta miƙe yadda ta saba, amma leɓɓansa suka yi baƙi, idanu suka juye. Ya saki ƙafar, ya kifa da fuska a kan cikin ragon. 'Yar iskar da ya tara ta fito ta tsagar da wata ƙara, wadda ba zan kwatanta ba saboda darajar ranar.

Wasu sun fara dariya kafin su gane. Sai salati ya tashi. Iya Rakiya ta fito ba mayafi. Anas ne ya fara isa gare shi, ya jefar da buhun, ya ɗaga shi ya jingina da ƙirjinsa, yana cewa a ba shi wuri ya sha iska. Wani dattijo ya taho da gudu da kwalbar lemo zai ɗura masa, wai ƙarfinsa ne ya ƙare. Iya Rakiya ta buge kwalbar ta tarwatse a ƙasa. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu ga ko kaza ba sai ranar.

Aka sa shi a Napep, Anas na riƙe da shi, ni ina riƙe da takalmin da ya zame. A asibiti Sista Ruth na ganinmu ta ce, "Na ce kada in gan ka." Ta shiga aiki. Suga ya hau inda na'ura ta kusa gaza faɗa, ga ciwon sanyi ya kama huhun, irin wanda jikin mai suga ba ya iya korewa da wuri. Aka ɗaura masa robar hanci, aka jona da tukunyar oksijin. Na tsaya ina kallo: tiyo daga ƙarfe zuwa hancin Zuga-zugi, ana buga masa iska.

Da ya farfaɗo ya iya magana, ya jawo robar gefe. Ba Iya Rakiya ya tambaya ba, ba kansa ba.

"Ragon hwa?"

Na ce, "Anas ya koma ya ƙarasa. Da famfo. Fata ta fita lafiya lau."

Ya rufe ido. Na ce, "Tsoho, kai ma ga shi iskar taya ake sa maka, kuma ka tashi." Ya laluba gefen gado yana neman abin jifa, Sista Ruth ta mayar masa da robar.

Ya yi makonni kafin a sallame shi. Yanzu allura ake yi masa kullum, Iya Rakiya ce ke yi, kuma ina zargin tana jin daɗin aikin. Sani mai shayi ya sami saƙo daga Sista Ruth, ko tsohon ya yi rantsuwa ba ya ganin ƙwayar suga. Yana shan shayin yana yamutsa fuska kamar ana ba shi maɗaci. Tarin ya tafi, ramar ta tsaya, amma hakin na nan, ya dai daina ƙaruwa. Yana zuwa masallaci a hankali, yana gaisawa da maƙiyansa a hanya.

Sallar da ta zagayo, Alhaji Yari ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida. Zuga-zugi ya tsaga ƙafar, shi ya riƙe bakin tiyo, Anas na bugawa. Yana zaune yana ba da umarni, "Ƙara. Ƙara. Tsaya, kai, za ka hwasa shi! Yaran yanzu ba ku san iska ba." Anas na cewa, "To Baba." Da aka gama Alhaji ya miƙa masa wuyan yanka kamar yadda ya alkawarta, ya karɓa ya waiwaya don ya ga jama'a. Ba kowa. Wa zai bar suyar hanta ya zo kallon famfon keke? Mu biyar ne a wurin har da ragon.

Da yamma na ji shi yana gaya wa masu sayen nama cewa dama shi ya fara kawo shawarar famfo a Katsina tun Anas bai san hanyar kwata ba, mutane ne ba su da fahimta. Sammun ma ya ce ba Anas ba ne, ya gano wani ne daga Ƙofar Durbi, yana nan yana bincike. Maganar suga a huhu kuwa har gobe bai yarda ba. Yana shan magani ne kawai, in ji shi, don kada ɗiyar mutane Ruth ta ji kunya a wurin aiki.

Ba wanda ke tambayar wa ya hura na Alhaji yanzu. Yara masu tasowa sun ɗauka Zuga-zugi sunan gidansu ne. Amma ka bi ta lungun da safe ka leƙa, za ka same shi bakin rijiya da ruwan ɗumi da man kaɗanya, yana haki, yana bin yatsu ɗaya bayan ɗaya. In ya gan ka zai ɗaga maka su ka duba.

Ƙafafun kuwa, tubarkalla. Ko ƙwarzane babu.